Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamanmu, Manyan Likitocin Kunne, Hanci Da Maƙogwaro

Malamaina, ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, da addu'ar samun sauƙi ga marasa lafiyar da ke hannunku.

Ni ƙaramar likita ce. Na yi shekara shida a makarantar koyon likitanci, na yi shekara guda ta aikin horo a asibiti, na yi bautar ƙasa, yanzu kuma shekara biyu ke nan ina aiki a asibitin wata ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma, inda mu biyu ne likitoci, wani makon ma ni kaɗai. Ina shirin zama jarrabawar share fage ta fanninku, wadda muke kira firamaris a tsakaninmu, da niyyar in nemi gurbin horon ƙwarewa a ƙarƙashinku. Na zaɓi in rubuto muku a fili kuma da Hausa domin ba ni kaɗai ce a kan wannan hanya ba, sannan iyayenmu da mazajenmu da suke ɗauke da rabin nauyin shirin suna da haƙƙin su san abin da muke nema da abin da ke tare mu.

Bari in fara da yaron da ya sa na yanke shawara.

Lokacin kakar gyaɗa ne aka kawo shi, ɗan shekara biyu. Uwarsa ta ce tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, yana zaune kusa da ita yana tsinta yana kaiwa baki, sai yayansa ya ba shi dariya, ya ƙware. Ya yi ta tari har leɓɓansa suka yi baƙi, daga baya abin ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi ta wuce. Kwana huɗu ana ba shi maganin tari daga kemis kafin zazzaɓi ya rufe shi a kawo mini. Da na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ɓangaren hagu iska na shiga sosai, na dama kuwa da ƙyar. Kun fi ni sanin dalili: reshen hanyar iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, shi ya sa abin da ya kubce ya fi faɗawa can. Gyaɗa kuma ba kamar kwandala ba ce da hoton ƙirji zai nuna ta ƙarara, ga man da ke jikinta yana kumbura hanyar iskar kullum tana ƙara toshewa. Abin da yaron ke bukata shi ne a sa shi barci, a zura bututun ƙarfe mai fitila, a kamo ƙwayar a fito da ita. Ba mu da bututun, ba mu da mai sa barcin da zai iya da ɗan shekara biyu, ni kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin ana yi, daga bayan kafaɗun mutum goma, ina ɗaliba.

Na rubuta takardar tura mara lafiya, na zayyana duk abin da na ji da abin da nake zato. Uban ya fita ya dawo bayan awa biyu da kuɗin mota, ban tambaye shi abin da ya sayar ba. Suka kama hanyar birni, tafiyar awa uku. Daga ranar ban sake jin labarinsu ba. Lambar wayar da ya bari ba ta shiga, ƙauyensu kuma ba ya cikin waɗanda ma'aikatanmu ke zuwa. Yau fiye da shekara guda, ban san ko gyaɗar ce ba, ban san ko an ciro ta ba, ban san ko yaron yana raye ba.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne mafi arha a cikin duk abin da zan faɗa. Idan muka turo muku mara lafiya da takarda, a mayar mana da amsa, ko layi biyu ne. Abin da aka samu kaza, abin da aka yi kaza, da kin yi kaza tun farko da ya fi. Na san cunkoson da ke asibitocinku, na san likita ɗaya na iya ganin mutum da yawa kafin azahar. Amma wannan layi biyun shi ne makarantar wanda yake ƙauye. Duk wanda na tura muku darasi ne da na karanta rabinsa aka ƙwace littafin. A cikin shekara biyu na tura yaran da suka haɗiyi kwandala, da wanda ya haɗiyi ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, wanda cikin awa biyu kacal yake iya fara ƙona hanyar abinci, da 'yar da ta sha ruwan sodar da uwarta ke haɗa sabulu da shi, da dattijon da muryarsa ta dishe wata huɗu, da matan da maƙoƙo ya cika musu wuya. Da kowannensu ya dawo da amsarku, da na shiga ɗakin jarrabawa da ilimin da babu littafin da zai ba ni.

Domin masu karatu da ba likitoci ba, ga yadda hanyar take a ƙasarmu. Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana Ijanikin a jihar Legas, akwai kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960. Kowacce tana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kowacce tana yin jarrabawa sau biyu a shekara. Mai nema zai fara cin firamaris, wadda ta ƙunshi sanin ƙirar jiki, da yadda sassan jiki ke aiki, da yadda cuta ke lalata su. Daga nan ya nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince ya horar, ya yi shekaru a matsayin ƙaramin mai neman ƙwarewa, ya ci jarrabawar mataki na ɗaya, ya zama babba, ya rubuta kundin bincike, ya ci mataki na biyu. In komai ya tafi daidai, babu yajin aiki, babu faɗuwa, shekara biyar zuwa shida ne a kan wanda aka riga aka yi. Wadda ta fara tana da goyo, kafin ta gama ɗan ya shiga firamare.

Ba tsawon hanyar ke damuna ba. Wanda zai riƙe wuƙa a wuyan ɗan wani ya kamata ya daɗe a gaban malami. Abin da ke damuna shi ne bakin hanyar babu fitila.

Ku dubi yadda muke haɗuwa da fanninku. A makaranta 'yan makonni ne aka ware masa, a matse tsakanin manyan fannoni, lokacin da hankalin kowa yana kan jarrabawar ƙarshe. A shekarar aikin horo kuwa wata uku-uku ake yi a sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Da yawanmu mun gama shekarar ba mu leƙa ɗakin duba kunne ba. Sai ga shi an kai mu asibitin ƙauye, inda kusan kullum sai uwa ta shigo da yaro kunnensa na zubar da mugunya, lokacin hunturu kuma haɓo ba ya yankewa. Na fara aiki na san sunan kowace cuta ta kunne a takarda, amma idona bai saba da ganin dodon kunne mai lafiya ba, balle in bambance wanda ya huje a tsakiya da wanda ya huje a sama, inda haɗarin yake. Da albashina na sayi madubin duba kunne da ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa a gwada ji, na riƙa duba kunnen duk wanda ya yarda, har ma'aikatan jinya da masu shara, sai da na duba ɗaruruwa kafin idona ya fara faɗa mini gaskiya. Da malami na tsaye kusa da ni, da mako biyu ya isa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon ku buɗe mana ƙofar ɗakin duba marasa lafiya tun kafin mu zama naku. Ku ware kujera ɗaya ko biyu a kowane sashe ga likitan da ke shirin nema, ya zo da hutunsa na shekara, ya zauna wata guda, ya ga yadda ake wanke kunne, yadda ake toshe hancin da ke zubar da jini, yadda ake huda maƙogwaro a sa bututun numfashi idan hanya ta toshe. A rubuta tsarin a manna shi inda kowa zai gani, da wanda za a rubuta wa da lokacin da ake karɓa. A halin yanzu wanda yake da ɗan'uwa ko tsohon malami a ciki shi ke samun wannan dama, 'yar manomi da ta fito daga ƙauye ba ta ma san ana yi ba. Ko wanda ya zauna watan bai zama ɗan fanninku ba daga baya, ya koma ƙauyensa da hannun da zai ceci wani a daren da babu mota.

Sai maganar karatun kansa. Ƙirar kai da wuya ita ce ƙashin bayan firamaris ɗinku, kuma babu wani yanki na jikin ɗan Adam da aka cusa abubuwa masu yawa a ɗan wuri kamarsa. Jijiyoyi goma sha biyu ne a kowane gefe ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, kusan dukkansu ta unguwarku suke bi. Ƙashin da ke gefen kai, wanda kunne ke zaune a cikinsa, shi kaɗai ya ishi mutum karatun wata. A cikinsa ne ƙasusuwan ji guda uku suke, ciki har da mafi ƙanƙanta a jikin mutum, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 da 'yan kai ba. A cikinsa ne jijiyar da ke motsa fuska take ratsawa tana lanƙwasa, ta yadda hannun likita ya kauce kaɗan, mutum ya tashi daga tiyata da karkataccen baki har ƙarshen rayuwarsa. Haka jijiyar murya da ke kwance bayan maƙoƙo. Ina karanta waɗannan da dare bayan na kwantar da ɗana, da hasken waya in babu wuta, ina zana su a bayan tsofaffin takardun asibiti. Rabona da in taɓa ƙoƙon kan mutum da hannuna tun ina aji biyu a jami'a. Hoto a littafi shimfiɗe yake, abin da ake tambaya kuwa yana da gaba da baya da zurfi.

Na san kwalejojin suna shirya kwasa-kwasan bita kafin jarrabawa, kuma wanda ya je yana amfana. Sai dai likitan da shi kaɗai ne a asibiti, in ya tafi mako guda, wa zai tsaya wa mai naƙuda? Ga kuɗin rajista, ga na hanya, ga na masauki, duk daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Muna da wuraren da za su iya ɗaukar wannan nauyi kusa da mu: asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1999. Da kowanne zai ware Asabar ɗaya a wata, babban mai neman ƙwarewa ya ɗauko ƙashi ya zauna da masu shiri, a buɗe wa na nesa ta waya, da an rage faɗuwar da ba rashin ƙwazo ke kawo ta ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan cin jarrabawar. Takardar firamaris tana da wa'adi, kuma cin ta bai ba mutum gurbi ba. Sai ya zauna jiran ranar da wani asibiti zai sanar da ɗaukar masu neman ƙwarewa, ranar da babu wanda zai iya faɗa maka ita. Wani lokacin sanarwar ta fito ba ta faɗi ko mutum nawa kowane sashe zai ɗauka ba. Na san abokan karatuna da suka ci jarrabawar fanninku, suka jira, suka gaji, ɗaya ya koma wani fanni da ya samu gurbi, ɗaya ya zauna jarrabawar Ingila ya tafi. Wanda ya tafi ɗin yana son aikin nan fiye da ni, shi ya fara koya mini riƙe madubin kunne. Ana yawan cewa matasan likitoci sun gudu sun bar ƙasa, ba a cika tambayar shekara nawa suka tsaya a bakin ƙofa kafin su juya ba.

Na san ba ku ke ba da izinin ɗaukar ma'aikata ba, kuma yawan waɗanda sashe zai horar ya dogara da yawan malamai da kayan aikin da kwaleji ta gani ta amince. Amma ku ne kuka san adadin. Ƙungiyarku ta ƙasa za ta iya fitar da takarda ɗaya a kowace shekara: ga asibitocin da aka amince su horar, ga gurbin da kowanne ke da shi, ga nawa ne a cike. Wanda ya ga haka zai san ko ya jira ko ya nemi wani wuri. Sannan muryarku tana da nauyi a gaban gwamnonin jihohi fiye da tamu. Hanya ɗaya da likitan jiha kamata ke da ita ita ce jiharsa ta sake shi ya je horo tana biyan albashinsa, da sharaɗin ya dawo ya yi mata aiki. Dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun tallafa wa wannan horo, kuma ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta sha kiran jihohi su ɗauki dokar su yi aiki da ita. Idan kuka zauna da kwamishinan lafiya kuka ce masa jiharka mai miliyoyin mutane ga adadin likitocin kunnen da take da su, ga kuma yaranku uku da suka ci firamaris suna zaune, zai ji ku.

Ba sai na tuna muku girman bukatar ba, amma masu karatu su sani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji na 2021 ya ce mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Mu nan abubuwan da ke kashe kunne a ƙofar gidanmu suke. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda ba su sake jin kiran salla ba. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar jarirai, ga zazzaɓin Lassa da ke taɓa jin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke, ga allurar jentamaisin da ake dankara wa yara a kemis ba awo. Marasa lafiyar da ke layinku kuma ba 'yan Najeriya kaɗai ba ne, har daga Maraɗi da Damagaram ake tsallako iyaka.

Akwai wani ɓangare na shiri da ba ya cikin manhajar kowace kwaleji, ni kuwa a wurina ya kai ƙirar jiki muhimmanci. Shi ne sanin bakin mutanenmu. Uwa ba za ta ce miki ɗanta yana da ciwon kunnen tsakiya ba, za ta ce kunnensa na ruwa tun yaye, an ɗiga masa man kaza da ruwan ganyen kaza. Wanda ya ce hakin wuya ke damunsa, yana iya nufin abu uku ko huɗu dabam-dabam, sai kin zauna kin warware. Babbar maganar kuma ita ce belu. A garuruwanmu da yawa, jariri bai cika mako ba wanzami zai zo ya cire masa belu, babba ma in maƙogwaro ya dame shi ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wurin wanzami zai fara zuwa. Na karɓi jaririyar da jini ya ƙi tsaya mata bayan an cire, ta zo fari fat kamar takarda. Ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi aka yi wa wani yana iya ɗaukar ciwon hanta da cutar ƙanjamau, ga haɗarin sandarewar jiki, ga guntun naman da kan iya faɗawa hanyar iska.

Duk da haka ban ga amfanin zagin wanzami ba. Shi ne wanda ya yi wa uban yaron kaciya, shi ya yi masa askin suna, gidansu da gidan mara lafiyar sun yi shekara ɗari tare, ni kuwa baƙuwa ce da aka turo shekara biyu da suka wuce. Ranar da na aika aka kira wanzamin da ya yi wa jaririyar nan aiki, na gaishe shi da baba, na nuna masa ita ana ƙara mata jini, ya daɗe bai ce komai ba. Bayan wata biyu shi da kansa ya rako wani mutum da ƙari a maƙogwaro, ya ce wannan ba na aska ba ne. Ina so in koyi yadda kuke irin wannan zama, ku da kuka shekara talatin kuna yi. Yadda ake gaya wa magidanci cewa za a cire masa akwatin murya saboda ciwon daji, zai rayu amma ba zai ƙara magana kamar da ba. Yadda ake gaya wa uwa cewa ɗanta ba taurin kai ke hana shi amsa kira ba, kuma a nuna mata makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano da maganar hannu ba tare da ta ji an yanke mata ƙauna ba. In kun zo tantance masu neman gurbi, ina roƙon ku sa wannan a ma'auni. Wanda ya yi shekara biyu shi kaɗai a asibitin ƙauye ya zo da wani abu a hannunsa, ko da makinsa bai kai na wanda bai taɓa barin birni ba.

Ga 'yan'uwana mata kuma ina da kalma ɗaya da nake so ta fito daga bakinku. Sau da yawa an ce mini tiyata ba ta mace mai aure ba ce, in nemi fannin da zan riƙa komawa gida da wuri. Na san akwai mata a cikinku da suka bi hanyar nan da ciki da goyo suka kai ƙarshe. Su fito su yi mana magana, a makarantu da wuraren aikin horo, mu gan su da idonmu. Akwai matan da suka ɓoye kumburin wuya ƙarƙashin hijabi shekara da shekaru, sai da suka ji likita mace ce a asibitinmu suka zo.

Jarrabawata saura wata huɗu. Zan ci gaba da tashi ƙarfe huɗu na asuba ina karatu kafin a fara layi, kuma na riga na nemi hutuna na shekara ya faɗo bayanta, domin in zo in tsaya a ƙofar ɗayanku ranar duba marasa lafiya, da farar rigata da madubina, in roƙi a ba ni kujera a gefe. Kafin nan, gobe ko jibi wata takardar za ta iso teburinku daga wani asibitin ƙauye, da rubutun hannun ƙaramin likita, an naɗe ta a aljihun uban yaro. A ƙasanta akwai suna da lambar waya. Don Allah, idan kun gama da yaron, ku sa wani ya kira.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri.

Ɗalibarku,
wata likita daga asibitin ƙaramar hukuma